Ɗakin da Bashi Ya Raya

A tsakiyar kasuwar Broadmead ta birnin Bristol a Ingila, cikin kantunan tufafi da takalma, akwai wata 'yar ƙofa da mai sauri zai wuce bai lura ba. Bayanta ne ginin Kiristoci 'yan ɗariƙar Metodis mafi tsufa a duniya yake. Har yau New Room ake ce masa, wato Sabon Ɗaki, duk da ya kusa shekara 300.

John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar, ya zo Bristol a 1739 bisa gayyatar abokinsa mai wa'azi George Whitefield, ya kama wa'azi a fili. Mabiya suka fi ƙarfin ɗakunan da suke taruwa, sai aka aza harsashin wannan ɗaki a watan Mayu na shekarar. Gini ya tashi, bashi ya hau wuyan Wesley.

Wannan bashin kuwa shi ya yi wa ɗariƙar rana. A 1742 wani Kyaftin Foy ya kawo shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya duk mako. Aka kasa jama'a sha biyu-sha biyu, kowane rukuni da mai bi gida-gida yana karɓa. To, mai shiga gidan mutum duk mako ai zai san wa ke kwance, wa kuma ya koma wa kwalba. Daga tara kwabo aka samu tsarin ajujuwa, wanda ɗariƙar ta tsallaka da shi Amurka da Afirka.

An faɗaɗa ginin a 1748, kuma babu ado a cikinsa: ginshiƙai shida, mumbari mai hawa biyu, haske na saukowa ta taga mai kusurwa takwas a sama, masu wa'azi na kwana a bene. A kan mumbarin nan Wesley ya la'anci cinikin bayi a 1788, a garin da ya yi kuɗi da fataucin 'yan Afirka. Sai da wurin ya hargitse.

A 1808 aka sayar wa wasu 'yan Metodis na Wales da ginin. Edmund Lamplough ya saye shi a 1929, mai zanen gine-gine George Oatley ya gyara, ya koma hannun mabiya Wesley. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun ci unguwanni da dama a Bristol, shi ya tsira.

A 1959 gwamnati ta sa shi a mataki na ɗaya na gine-ginen tarihi, matakin da ƙalilan ke samu. Kantunan da ke kewaye suna canza fuska yadda suka ga dama, shi kuwa ba a taɓa fasalinsa sai da izini.