Karen Masaƙa: Tarihin Yokshaya Teriya da Kulawarsa

A unguwarmu ta Kwaciri, da ma sauran ƙasar Hausa, ba a san kare marar sana'a ba. Ko dai ya bi mafarauta daji, ko ya yi gadin gida, ko ya tsare garke. Saboda haka in Bahaushe ya ga ɗan karen nan mai dogon gashi da ake kira Yokshaya Teriya, wanda bai wuce kilo 3 da ɗan ɗori ba, sai ya ce wannan kuma abin ado ne na masu kuɗi. To, ni ina so in nuna wa mai karatu cewa asalinsa karen talaka ne, kuma tarihinsa ya ratso ta kusa da namu.

A tsakiyar ƙarni na 19 ne masaƙa suka yi ƙaura daga Sikotland zuwa Yokshaya da Lankashaya a arewacin Ingila, suna neman aiki a manyan masaƙu na ulu da auduga. Suka zo da 'yan karnukansu masu kashe ɓeraye, domin ɓera shi ne babban abokin gabar mai zare. Daga haɗuwar waɗannan karnuka da na wurin aka samu wannan iri. Wanda ake ɗauka a matsayin ubansu duka, wani kare ne da ake kira Ben na Hadasfil, an haife shi a 1865, ya mutu a 1871. A 1886 Ƙungiyar Masu Karnuka ta Ingila ta amince da irin. Da matan attajirai suka ƙyalla ido suka gan shi, sai aka riƙa zaɓen mafi ƙanƙanta ana haɗawa, har ya bar masaƙa ya koma kan cinya.

Ina Kano ta shigo? Lokacin da Barth ya zo a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙarfin birnin. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913, sai yadin Lankashaya ya yi ta kwararowa kantunan Fagge, yana ƙwace kasuwar saƙin gida. Watau masaƙun da ɗan karen nan ya tsare daga ɓera, su ne suka rage wa masaƙanmu ciniki.

Wanda ya kawo shi Kano fa ya sani ya ɗauki amana, gama an yi shi ne don ƙasar sanyi. A watan Afrilu zafinmu yakan kai digiri 40, don haka a rage masa gashi, a ajiye shi inuwa da ruwa, kada a fita da shi da tsakar rana. Gashin nan kamar na mutum yake, in ba a taje shi kullum ba sai ya cukurkuɗe, kaska da ƙuma su sami maɓoya. Cikinsa ƙarami ne, a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ban da albasa da cakulan, gama guba ne gare shi. Maƙogwaronsa ba ƙwari, a ɗaura masa igiya a ƙirji maimakon wuya. Uwa uba, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, ba a fafe gora ranar tafiya. Cizon ɗan mitsitsin kare da na ƙato duk ɗaya ne in cutar ta shiga.

In an kula da shi yakan yi shekara 13 ko fiye. Wanda ya ga ba zai iya wannan ɗawainiya ba, shawarata ya nemi karen gida, wanda ya san rana da kaskar ƙasar nan tun kaka da kakanni.