Ilimi a Karaye da Rogo

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi biyu ne da ke yammacin Jihar Kano, Najeriya. Suna cikin mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma tun shekarar 2024 su biyun ne ke ƙarƙashin Masarautar Karaye. A ƙidayar 2006 Karaye na da mutane 141,407, Rogo kuma 227,742. Mafi yawan jama'ar Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya, saboda haka harkar karatu a yankin tana tafiya ne da yanayin noma da kuma nisan ƙauyuka.

Ire-iren makarantu

Makarantun allo da tsangayu su ne mafi daɗewa, inda yara ke koyon karatun Alƙur'ani a gaban malam. Islamiyya kan haɗa Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da Larabci cikin azuzuwa, galibi da yamma ko a ƙarshen mako. Makarantun boko sun yaɗu zuwa ƙauyuka ne musamman bayan shirin ilimin firamare ga kowa na 1976. Yaro ɗaya kan halarci boko da safe, ya tafi islamiyya ko makarantar allo da yamma.

Gudanarwa

Firamare tana hannun hukumar SUBEB ta jiha, ta ofishin sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Manyan sakandare kuwa wata hukumar jiha ce daban ke kula da su. Dokar tarayya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Fitacciyar makaranta a yankin ita ce Kwalejin Haɗin Kai ta Karaye, ta kwana, wadda ke karɓar ɗalibai daga wasu jihohin Arewa ta shirin musayar ɗalibai.

Matsaloli

Da damina da lokacin kaka yara maza kan rage zuwa aji don taya iyaye aikin gona, haka ma ranakun kasuwa. 'Yan mata kuwa talla da auren wuri da nisan sakandare daga gida na sa da yawa su tsaya bayan firamare. 'Ya'yan makiyaya na bin dabbobi, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989. Kamar sauran karkarar Kano, akwai ƙarancin ƙwararrun malamai, musamman mata, da cunkoson azuzuwa.

Matakan gwamnati

A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta kuma dole. Kano na cikin jihohin farko na shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a faɗin jihar.