Lokacin da gwamnati ta ƙwace makarantun masu zaman kansu

Duk sanda aka tayar da zancen makarantar gwamnati da ta kuɗi, sai mu yi ta musu kamar jiya aka fara. Alhali rigimar ta girmi yawancinmu.

A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano. Manyanmu sun sha ba mu labarin yadda wasu masu sarauta ke ɓoye 'ya'yansu idan aka zo ɗaukar yara, su miƙa na barorinsu. Daga baya Kwalejin Katsina ta haɗa jikan Shehu, Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ba ɗan sarki ba ne. Sai dai kada mu yaudari kanmu: makarantun 'yan kaɗan ne, yara mata kuwa kusan babu su a lissafi.

Masu zaman kansu na wancan zamani galibi na mishan ne. Bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe su, da hujjar cewa bai kamata addini ko aljihun uba ya raba yaran ƙasa ɗaya ba. A nan St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kufena. Har yau akwai masu ganin an zalunci waɗanda suka gina su, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba.

Sai ga UPE a 1976, zamanin Obasanjo na soja: firamare kyauta ga kowa. Yaran da suka fito sun zarce waɗanda aka yi wa tanadi, aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa, wasu azuzuwan a gindin bishiya. Duk da haka da yawa daga cikinmu, ko iyayenmu, ta wannan ƙofa suka shiga. Ɗan kwamishina da ɗan mai faci benci ɗaya, kuma idan rufi ya yi yoyo, kwamishinan zai ji a gidansa kafin magariba.

Da kuɗin mai ya faɗi, aka shigo da SAP a 1986, albashin malamai ya fara makalewa, yajin aiki ya zama ruwan dare. Masu hali suka fara zare 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ciki har da masu rattaba hannu a kasafin kuɗin ilimi. A ganinmu nan ne gizo ke saƙa. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, amma a 2017 malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar da gwamnatin Kaduna ta yi musu.

Yau ma ba mai kuɗi kaɗai ke gudu ba. A lungunanmu akwai makarantun ɗaki uku da zaure, inda mai wankau da mai ƙosai ke biyan kuɗin zango da guminsu, malamar kuma albashinta bai kai na gwamnati ba. Sun biya haraji, sun sake biya. Wanda ya kasa, ɗansa na can cikin ajin da malami ba ya iya riƙe sunayen yara saboda yawansu.