BABI NA UKU: TARIHIN ƘUNGIYAR MAKAƊAN ART ENSEMBLE OF CHICAGO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin wata ƙungiyar makaɗan jaz ta baƙar fatar Amurka, wadda ta yi fice wajen gwama ƙirƙirar nan take da kiɗe-kiɗen al'ummomi daban-daban. Abin da ake nufi da ƙirƙirar nan take shi ne makaɗi ya ƙago kiɗa a daidai lokacin da yake yin sa, kamar yadda makaɗin baka kan ƙago ɗiyan waƙa a gaban taro. Manufar babin ita ce a nuna cewa wannan gwami ya samo asali ne daga abubuwa biyu, wato halin ƙunci da makaɗan suka tsinci kansu a ciki, da kuma neman da suka yi na su mallaki kiɗansu da tarihinsu.

3.1 Halin da Jaz ya Shiga a Birnin Shikago

Kiɗan jaz ya tsiro ne a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka a farkon ƙarni na ashirin. Da baƙar fata suka riƙa yin ƙaura zuwa biranen arewa don neman aiki da guje wa wariyar launin fata, sai kiɗan ya bi su. A shekarar 1922 ne Louis Armstrong ya isa Shikago ya shiga ƙungiyar King Oliver, kuma daga nan unguwannin kudancin birnin suka zama matattarar makaɗa.

To amma zuwa farkon shekarun 1960 al'amura sun sauya. Gidajen rawa da yawa sun rufe, matasa sun koma ga wasu kiɗe-kiɗen zamani, gidajen da suka rage kuwa sun fi son kiɗan da aka saba ji. A daidai wannan lokaci ne makaɗa irin su Ornette Coleman da John Coltrane suke sassauta tsofaffin ƙa'idojin jaz. Saboda haka matashin makaɗi mai son sabon salo ya wayi gari da basira amma ba shi da wurin nuna ta.

3.2 Kafuwar Ƙungiyar AACM

Masu iya magana na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Mayun 1965 wasu makaɗa huɗu, wato Muhal Richard Abrams da Jodie Christian da Steve McCall da Phil Cohran, suka kira taron 'yan'uwansu, inda aka kafa ƙungiyar ciyar da makaɗa masu ƙirƙira gaba, wadda aka fi sani da AACM. Ƙungiyar ta ɗauki nauyin shirya wasanninta da kanta a majami'u da ɗakunan taro na unguwa. Ta kuma shimfiɗa sharaɗin cewa duk wanda zai yi wasa da sunanta sai ya zo da kiɗan da shi ya ƙaga. Daga baya ta buɗe makaranta inda ake koyar da yaran unguwa kiɗa kyauta.

Wannan sharaɗi na ƙirƙira yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya, domin shi ya tilasta wa kowane makaɗi ya nemi muryar kansa, ko da kuwa zai nemo ta ne a wajen iyakokin jaz.

3.3 Haɗuwar Makaɗan da Ɓullar Ƙananan Kayan Kiɗa

Daga cikin 'ya'yan AACM ne aka sami Roscoe Mitchell mai busa saksafon, wanda ya ɗauki faifansa mai suna Sound a shekarar 1966. A cikin waɗanda suka yi aikin tare da shi akwai Lester Bowie mai busa ƙahon tirampet, wanda ya taso a birnin St. Louis, da Malachi Favors mai kaɗa bes, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake kaɗawa a tsaye. Daga baya Joseph Jarman, shi ma mai busa saksafon, ya haɗe da su bayan mutuwar biyu daga cikin abokan kiɗansa.

Wani abin lura shi ne, mai gangarsu na farko, Phillip Wilson, ya bar su ya koma wata ƙungiyar da ta fi samun kuɗi. Maimakon su ɗauki wanda bai dace ba, sai suka zauna babu mai ganga, suka raba aikin a tsakaninsu. Wannan ne ya ƙara wa abin da suke kira ƙananan kayan kiɗa muhimmanci, wato ƙararrawa da usur da hon ɗin keke da faya-fayan tagulla da kacau-kacau iri-iri. Kowannensu yakan ajiye babban abin kiɗansa ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan. Har ila yau sun mayar da shiru wani ɓangare na kiɗa, ta yadda za a daɗe ba a jin komai sai ƙaramin sauti guda. Ke nan rashi ne ya haifar da salon da aka san su da shi.

3.4 Zaman Faransa, 1969 Zuwa 1971

Da yake abin da suke samu a Shikago bai taka kara ya karya ba, sai Bowie ya sayar da kayan gidansa ya biya musu kuɗin tafiya, suka tashi zuwa Faransa a shekarar 1969. A birnin Faris ne aka liƙa wa sunansu na Art Ensemble sunan garinsu. A cikin wannan shekara kaɗai sun ɗauki faya-fayai da dama, ciki har da A Jackson in Your House da People in Sorrow da Message to Our Folks. A shekarar 1970 suka yi kiɗan wani fim na Faransa mai suna Les Stances à Sophie tare da mawaƙiya Fontella Bass, matar Bowie. A wannan shekara ce kuma Don Moye ya shigo a matsayin mai ganga, suka cika biyar. Moye ya ƙware a gangunan Afirka da na tsibiran Karebiyan, abin da ya ƙara faɗaɗa kiɗan nasu.

Sun zauna gida ɗaya a wajen gari, suna tara wani kaso na abin da suka samu a asusu guda. Wannan tsari na haɗin gwiwa shi ya riƙe su bayan sun koma Amurka a shekarar 1971.

3.5 Ma'anar Gwama Kiɗe-kiɗe

Taken ƙungiyar yana nuni ne da cewa kiɗan baƙar fata babban kiɗa ne guda, wanda ya faro tun zamanin da, ya kuma miƙe zuwa gaba. Idan aka yi la'akari da wannan take za a fahimci dalilin da ya sa a wasa ɗaya sukan taɓo kiɗan maci na New Orleans, da waƙoƙin majami'a, da bulus, da gangunan Afirka, da salon kiɗan Turai na zamani. A ganinsu kalmar jaz akwati ce da 'yan kasuwa da masu sharhi suka saka su a ciki, don haka suka ƙi yarda wani ya yanke musu iyakar abin da ya halatta su kaɗa.

Shigarsu ma tana ɗauke da wannan saƙo. Jarman da Favors da Moye sukan yi zane a fuska su sa tufafi masu kama da na Afirka da Asiya, Bowie yakan sa farar rigar likita, Mitchell kuwa yakan fito da kayan gida na yau da kullum.

Wannan nema na tushe bai tsaya a kan dandamali ba. A shekarar 1977 Bowie ya zo Legas ya zauna tare da Fela Anikulapo Kuti, har ya yi busa a faifan Fela mai suna No Agreement. Ya kuma taɓa zama a Jamaika, kuma an ji tasirin kiɗan rege a faifan ƙungiyar mai suna Nice Guys, wanda suka ɗauka wa kamfanin ECM na Jamus a shekarar 1978. Bugu da ƙari, a wajejen 1990 sun yi aiki da ƙungiyar mawaƙan Amabutho ta Afirka ta Kudu a faifan Art Ensemble of Soweto.

Sai dai kuma akwai abin dubawa a nan. Mai nazari zai iya tambaya ko Afirkar da ke cikin zanen fuska da tufafin nan ta wata al'umma ce takamaimai, ko kuwa Afirka ce ta zuci irin wadda jikokin bayi suka gina don cike gurbin abin da aka raba su da shi. Ra'ayin wannan bincike shi ne duka biyun suna nan, kuma zaman Bowie a Legas da aikinsu da mawaƙan Afirka ta Kudu sun nuna cewa sun yi ƙoƙarin mayar da zucin ya zama cuɗanya ta zahiri.

3.6 Shekarun Baya

Jarman ya janye a shekarar 1993 don ya mayar da hankali ga addinin Buda, ya dawo a 2003. Bowie ya rasu a 1999, Favors a 2004, Jarman kuma a 2019. A shekarar 2019 ɗin ce Mitchell da Moye, waɗanda su kaɗai suka rage daga cikin biyar ɗin, suka tara matasan makaɗa maza da mata suka fitar da faifan We Are on the Edge don cikar ƙungiyar shekara 50.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda rufewar gidajen rawa ta haifar da AACM, da yadda rashin mai ganga ya ƙara wa ƙananan kayan kiɗa muhimmanci, da kuma yadda zaman Faransa ya ƙulla makaɗan a kan asusu guda da manufa guda. Daga bayanan da suka gabata za a iya cewa gwama kiɗe-kiɗe a wurin wannan ƙungiya hanya ce ta ƙwato ikon faɗin ko su wane ne, kuma tsarin dogaro da kai shi ya sa ta kai rabin ƙarni. A babi na gaba za a yi nazarin yadda ƙirƙirar nan take ke gudana a cikin wasu zaɓaɓɓun faya-fayansu.