Wuyan Keke: Tarihin Ƙarfen Da Ke Ɗauke Da Ran Matafiyi

Tsakanin kan keke, inda mahayi ke ɗora hannuwansa, da fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, akwai wani guntun ƙarfe da bai cika kai tsawon tafin hannu ba. Shi ne wuyan keke. Idan sarƙa ta tsinke, mutum ya sauka ya tura. Idan taya ta yi faci, a nemi inuwa a liƙe. Amma idan wuya ya karye ana cikin gangara, kan keken ne zai rage a hannun mahayi, shi kuwa sai ƙasa. Shi ya sa masu doguwar tafiya a keke suka daɗe suna sa masa ido.

Kekunan farko ba su da wuya irin na yau. Lokacin da Thomas Stevens ya tashi daga San Francisco a watan Afrilun 1884, ya kewaya duniya har ya ƙare a Yokohama ta Japan a ƙarshen 1886, a kan keken nan mai ƙatuwar tayar gaba ya yi tafiyar, wanda kansa ke manne a saman fok. Sai bayan da John Kemp Starley ya fito da keken Rover a birnin Coventry na Ingila a 1885, mai sarƙa zuwa tayar baya, mahayi ya koma zama tsakanin tayoyi biyu. Daga nan nisan da ke tsakanin sirdi da kan keke ya zama abin lissafi, wuya kuma ya zama abin da ke daidaita shi. Major Taylor, baƙar fata ɗan Amurka da ya ci gasar gudun keke ta duniya a Montreal a 1899, ya yi suna da wani wuya mai zamiya da ake iya tsawaitawa ko gajartawa, har yau kuma da sunansa ake kiran irinsa.

Kusan duk tsawon ƙarni na 20, wuya mai shiga cikin bututun fok ne ya yi sarauta. Ana zura shi ciki, a ɗaure doguwar kusa daga sama, ita kuma ta jawo wani ɗan ƙarfe a ƙasa ya cije bangon bututun. Duk wanda ya taɓa hawan Raleigh ko Phoenix mai birkin ƙarfe ya san shi, sai dai a waɗannan kekunan kai da wuya a haɗe suke. Amfaninsa ga matafiyi a fili yake: ranar da baya ya ƙage, sifana ɗaya ta isa a ɗaga kan sama. Amma yana da sharuɗɗa biyu. Akwai zane a jikinsa da ba a yarda ya leƙo waje ba, domin idan abin da ya rage a ciki ya yi kaɗan, ko shi ko bututun zai iya tsagewa. Kuma idan na alminiyom ne a cikin bututun baƙin ƙarfe, gumi da ruwan sama kan sa su kama juna, sai dai a riƙa shafa giris.

Alminiyom ɗin ma 'yan tsere ne suka jawo shi, don neman rage nauyi. Kamfanin Cinelli na Milan ya fitar da wuyansa mai lamba 1A a shekarun 1960, wanda ya zama abin koyi. Amma ba kowane alminiyom ne ya yi ƙarko ba. Wanda aka narka aka zuba a mazubi kan ɓoye ƙananan ramuka a cikinsa, ba kamar wanda aka matse da ƙarfin inji ba. Ga shi kuma alminiyom na gajiya: kowace girgiza tana cin wani abu daga ƙarfinsa, har ranar da zai tsage. Wasu wuyoyin kamfanin AVA na Faransa sun yi ƙaurin suna a kan haka, har masu gyaran keke a Amurka suka riƙa ba da shawarar a cire su. Su kuwa masu yawon duniya da dama sun karkata ga Nitto na Japan, musamman samfurinsa Technomic mai dogon jiki, wanda ke ba mutum damar zama a miƙe.

Matsala ta biyu ita ce awo. Yawancin ƙasashe sun tsaya a kan kaurin milimita 22.2 a ɓangaren da ke shiga fok, Faransa kuwa ta riƙe 22.0. A bakin da ke kama kan keke, akwai 25.4 a Japan da Ingila, akwai 26.0 a Italiya, Cinelli kuma ya daɗe a kan nasa 26.4. Bambancin ɗan kaɗan ne, amma ya isa ya tsayar da matafiyi kwana da kwanaki a garin da babu irin kayan kekensa. Wanda ya matse abin da bai dace ba da ƙarfin tsiya, ya shuka tsagar da zai girba a gaba.

Babban sauyi ya zo a farkon shekarun 1990. Wani Ba'amurke, John Rader, ya ƙirƙiro tsarin da wuya ke rungumar bututun fok daga waje, kamfanin Dia-Compe ya sayar da shi da sunan Aheadset. Masu hawan duwatsu ne suka fara karɓarsa, kafin ya mamaye kasuwa a kan kaurin milimita 28.6, daga baya bakin kai ya koma 31.8. Ya fi ƙarfi, kuma da alanki kawai ake daidaita boris ɗinsa, ba a bukatar manyan sifanu. Hasararsa ɗaya ce: da zarar an yanke bututun fok, ɗaga kai ya zama aiki. Don haka gogaggun matafiya kan bar bututun da tsawo, su cike da zobba.

Abin da wannan tarihi ke koya wa mai shirin doguwar hanya ba shi da yawa. Ya zaɓi wuyan da aka matse, ya bar mai sauƙin nauyi ga 'yan tsere, waɗanda motar gyara ke bin su a baya. Ya zaɓi awon da ya fi yawa a ƙasashen da zai ratsa. Ya guji mai gaɓar lanƙwasa idan hanyar mai gargada ce, domin kowace gaɓa ƙarin wurin sassautawa ce. Ya ɗaure kusoshi daidai da adadin da aka rubuta a jiki. Kuma duk ranar da ya ji wata 'yar ƙara daga gaba, ya tsaya ya kwance ya duba kafin ya ƙara taka feda.