Malamin Katsina Da Hisabin Gidajen Hatimi

Da yawa daga cikin yaranmu a nan Libreville da Faransanci suke koyon lissafi a lakwal, har wasu su ɗauka ilimin Turawa ne zalla. To, ga tarihin wani malami daga ƙasar Hausa.

Sunansa Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine. Ya yi karatu a ƙasarmu, ya tafi aikin Hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira wajen Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti. A can ya rasu a 1741. A wajajen 1732 ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaq kan ilimin aufaƙi, abin da mu muka sani da hatimi, inda ya bayyana hanyoyin cika gidaje masu adadin mara, kamar 3 ko 5 ko 7 a kowane gefe. Ɓangaren hisabinsa za mu duba yau.

Ɗauki hatimi mai gida 3 a tsaye, 3 a kwance. Ka jera 4, 9, 2, ƙarƙashinsu 3, 5, 7, sannan 8, 1, 6. Duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 zai ba ka. Me ya sa? Tsakiyar 1 zuwa 9 ita ce 5, kowane layi kuma gida 3 ne, 5 sau 3 kuwa 15.

Yanzu mu gwada wannan ƙa'ida da kanmu a kan babba: gida 99 a kowane gefe. Gidajen duka 9,801 ne. Haɗa 1 da 9,801, ka raba biyu, ka sami tsakiya: 4,901. Ninka ta sau 99, sai ga 485,199. Wannan ne jimillar kowane layi, kuma mun san shi ba tare da mun cika ko gida ɗaya ba. Lambar tana rabuwa daidai da 9 da 11, domin su ne suka haɗa 99, tana kuma rabuwa da 169 da 29, domin su ne suka haɗa 4,901. Jimillar hatimin gaba ɗaya 48,034,701 ce.

Kun ga ke nan, wanda ya riƙe ƙa'ida babbar lamba ba ta ba shi tsoro. Irin wannan nutsuwar ake bukata wajen rabon gado da fitar da zakka, inda kuskuren hisabi kan ci haƙƙin maraya. Ɗalibai, ku gwada mai gida 9 a kowane gefe: amsar 369 ce, ku nemo yadda aka same ta, ku nuna wa malaminku.

Allah Ya jiƙan Malam al-Kashinawi, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.