Tsofaffin Ɗalibai Tara Da Dala Ɗari Tara: Tarihin Dillancin Ƙirƙira

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Wudil ko ta Maigatari ba sai an yi masa bayanin aikin dillali ba. Mai saniya ya san saniyarsa, mai saye ya san aljihunsa, amma dillali ne ya san su duka biyun, shi ne kuma zai yi ta kai da kawowa har a sallama, ya karɓi la'adarsa. To, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, lokacin da ake lissafa mana sana'o'i a aji, likita da injiniya da lauya da soja, babu wanda ya gaya mana cewa akwai wani dillali da hajarsa ba ta da ƙafa huɗu, wato mai dillancin abin da masana suka ƙirƙiro. Tarihin wannan sana'a nake so in ɗan gutsuro, musamman da yake akwai hannun tsofaffin ɗalibai irinmu a cikin kafuwarta.

Idan mutum ya ƙirƙiro sabon abu, gwamnati takan ba shi takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke hana kowa yin abin ko sayar da shi sai da izininsa, yawanci na tsawon shekara 20 a dokokin yau. Shi kuma dole ya bayyana sirrin abin a rubuce. Amma takarda ba ta ƙera komai. Sai an sami mai masana'anta da zai zuba jari, a ba shi lasisi, ya riƙa biyan wani kaso daga cinikin. Tsakanin ɗakin bincike da masana'anta kuwa akwai tafiya, kuma masani ba kasafai ya san hanyar ba.

James Watt ya sami takardar injinsa mai aiki da tururi a 1769, amma shekaru suka shuɗe babu ciniki, wanda ya fara ɗaukar nauyinsa ma ya karye. Sai da Matthew Boulton, mai masana'anta a Birmingham, ya shigo, aka nemi Majalisar Ingila ta tsawaita wa'adin takardar a 1775 zuwa 1800. Suka kuma fito da wata dabarar farashi: masu haƙar ma'adinai a yankin Cornwall za su riƙa biyan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal ɗin da sabon injin ya rage musu idan aka kwatanta da tsohon. A littafin kimiyya sunan Watt muka haddace, Boulton kuwa ko a gefen shafi. Sai dai shi abokin tarayya ne mai zuba kuɗinsa. Dillanci a matsayin ofis mai ma'aikata sai a ƙarni na 20 ya tsaya da ƙafarsa, a jami'o'in Amurka.

A 1923, Harry Steenbock, malami a Jami'ar Wisconsin, ya gano cewa idan aka haska abinci da wani nau'in haske mai ƙarfi irin wanda ke cikin hasken rana, sinadarin bitamin D yakan ƙaru a cikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin a biranen Turai da Amurka masu sanyi da hayaƙi, yara da yawa suna fama da cutar da ke sa ƙashi laushi har ƙafafu su lanƙwashe, rashin wannan bitamin ne kuwa ke kawo ta. Steenbock ya cire dala 300 daga aljihunsa ya nemi takardar mallaka. Kamfanin Quaker Oats ya yi masa tayin kusan dala miliyan ɗaya a sayar masa, ya ƙi. Ba ya so kuɗin su shiga aljihunsa shi kaɗai, ba ya kuma so kamfani ɗaya ya rufe ƙofa. Ita jami'ar ba ta da ofishin da zai riƙe irin wannan dukiya, ba ta kuma nuna ɗokin karɓa ba.

A nan ne tsofaffin ɗalibai suka shigo. A watan Nuwamba na 1925 aka kafa gidauniyar bincike ta tsofaffin ɗaliban Wisconsin, wadda ake taƙaita sunanta da WARF. Mutum tara suka ba da dala 100 kowannensu, jarin ke nan gaba ɗaya, dala 900. Aikinta shi ne ta riƙe takardun mallaka, ta nemo kamfanoni, ta yi ciniki, ta juya ribar, ta mayar wa jami'a don ci gaba da bincike. A 1927 ta ba Quaker Oats lasisi, wato haya maimakon sayarwa, daga baya kamfanonin magani da masu madara suka biyo. Kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu cutar nan ta kusa ɓacewa a Amurka. Kyautar farko da gidauniyar ta ba jami'a dala 1,200 ce. Yanzu dukiyarta ta kai biliyoyin daloli. Ni dai duk lokacin da muka zauna taron shekara muna gardama kan fentin aji da kuɗin kalanda, mutanen nan tara sukan faɗo mini a rai.

Amma labarin bai tsaya a yabo ba. Jihar Wisconsin ƙasar masu kiwon shanun madara ce, abokin gabar man shanu a kasuwa kuwa shi ne majarin, man shafa burodi mai araha wanda talaka ke saye. Gidauniyar ta ƙi ba masu yin majarin lasisi, don kada ya sami bitamin D ya yi gogayya da man shanu. Ke nan yaran da suka fi bukatar maganin su aka bari a baya. A tsakiyar shekarun 1940 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe takardun Steenbock, ta kuma yi tir da wannan hani, ta ce ya saɓa wa maslahar jama'a. A ganina a nan ne ainihin nauyin sana'ar yake. Dillalin shanu in ya yi son kai mutum biyu ya cuta. Wannan kuwa da sa hannu ɗaya zai yanke wanda zai sami magani da wanda zai rasa.

Gidauniyar ba ta mutu da wannan hukunci ba, domin tana da wata hajar. Wani malamin jami'ar, Karl Paul Link, ya bi diddigin abin da ke sa shanu zubar da jini har su mutu in sun ci ruɓaɓɓen harawa, daga nan aka haɗa wani sinadari da aka fitar a 1948 a matsayin maganin ɓera. A 1954 aka amince a ba mutane shi don hana daskarewar jini. Sunansa warfarin, haruffa huɗun farko na gidauniyar ne. Abokanmu likitoci da ke rubuta shi ga marasa lafiya, sunan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai suke rubutawa.

Wanda ya mayar da aikin sana'a mai tsari shi ne Niels Reimers, injiniya da ya bar masana'antu ya koma Jami'ar Stanford, inda ya kafa ofishin lasisi a 1970. Ra'ayinsa shi ne aikin na 'yan kasuwa ne masu fahimtar kimiyya, lauya sai a ɗauko shi haya in an zo rubuta takarda. A 1974 ya karanta a jaridar New York Times labarin binciken Stanley Cohen na Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya, waɗanda suka gano hanyar ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa a wata. Cohen bai so a nemi takarda ba, sai da Reimers ya lallashe shi, aka shigar da takardun a watan Nuwamba, dab da cikar wa'adi. Da takardar ta fito a 1980, Reimers bai ba kamfani ɗaya ba. Ya sa farashi mai sauƙi, dala 10,000 a shekara da ɗan kaso daga ciniki, ya buɗe wa kowa. Kafin wa'adin ya ƙare a 1997 kamfanoni fiye da 450 sun karɓi lasisi, jami'o'in biyu sun sami kimanin dala miliyan 255.

A wannan shekara ta 1980 Majalisar Amurka ta zartar da dokar da ke ɗauke da sunan sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole. Kafin ta, yawancin abin da aka gano da kuɗin gwamnati na gwamnati ne, kuma cikin takardun mallaka kusan 28,000 da ke hannunta, waɗanda aka ba da lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Mu ma'aikatan gwamnati mun san abin da ke samun fayil ɗin da ba shi da mai bibiya. Dokar ta ba jami'o'i damar mallakar abin da malamansu suka gano, bisa sharaɗin su nemi mai ƙerawa su kuma ba masanin kasonsa. Nan da nan kusan kowace babbar jami'a ta buɗe ofis, aka shiga neman mutanen da za su iya karanta rahoton bincike da safe, su zauna da lauya da rana, su yi ciniki da manajan kamfani da yamma.

Mu ma a Nijeriya muna da namu labarin. Dokar takardun mallakar ƙirƙira tun 1970 take, a 1979 kuma aka kafa hukumar da ke rajistar yarjejeniyoyin sayo fasaha daga waje, wadda aka sauya wa suna zuwa NOTAP a 1992. Daga baya ta shiga buɗe ofisoshin lasisi a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Gwajin da ya fi shahara shi ne na maganin sikila mai suna Niprisan. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi haɗin daga wani mai maganin gargajiya bisa rubutacciyar yarjejeniyar raba amfani, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa. Aka gwada, aka sami takardar mallaka a Amurka a 1998. A 2002 aka ba wani ƙaramin kamfanin Amurka, Xechem, lasisi shi kaɗai. Aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a 2006. A 2008 uwar kamfanin ta karye, a 2009 gwamnati ta janye lasisin, maganin ya yi wuyar samu a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Masu bincike sun yi nasu, mai maganin gargajiya ya yi nasa. Wurin zaɓen mai ƙerawa da ɗora kaya duka a kan jaki ɗaya ne tafiyar ta tsaya. Sai a 2018 cibiyar ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Nijeriya, shekara tara bayan janye lasisin farko, shekara 20 kuma bayan samun takardar mallaka.